Madubin Toktosun da Jar Yanyawa

Duk wanda ya je baikon Ayperi a ƙarshen kaka ya ji abin da ubanta ya faɗa da kunnensa, don haka kada wani ya ce ƙari aka yi wa maganar. An ci nama har muƙamuƙi ya gaji, an sha nonon goɗiya mai tsami har kunnuwa sun yi zafi, sai uban nata, Toktosun, ya miƙe da ƙwarya a hannu, ya dubi uban ango, Sagimbek, wanda kansa ke ƙyalli kamar an shafe shi da man shanu.

"Kuda," in ji shi, don haka iyayen ango da na amarya ke kiran juna a wurinmu, "ran biki da hannuna zan ɗora wa wannan sanƙon naka hular jar yanyawa. Ni zan harbo ta. Kuma in ka sami huda a fatar, ko da ta allura ce, ka kira ni da duk sunan da ka ga dama."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Sagimbek ya shafa kansa ya ce, "Sanƙo na nan yana jira, kuda. Amma ka hanzarta, tun yanzu ya fara jin sanyi."

A ɓangaren mata kuwa, Burul matar Toktosun ta ƙware da shayi har sai da aka bubbuga mata baya. Ita kaɗai ta san hunturu biyu ke nan mijinta bai shigo gida da ko kunnen zomo ba. Yau ya ce iska ce, gobe ya ce zomaye sun yi ƙaura, jibi ya ce harsasan yanzu duk jabu ne. Gaskiyar magana, in ya kwantar da kumatunsa a gindin bindiga, ɗan tsinken ƙarfen nan da ke kan hancinta sai ya zama biyu, wani lokaci ma ya narke gaba ɗaya. Mutumin da a da yake sauke zomo yana cikin gudu, ga shi wata rana da yamma ya tsaya ya yi wa turken doki sallama. Wannan kuma ba Burul ce ta faɗa ba, an dai gani.

Ƙanƙara ta sauka, ta rufe kwarinmu ruf. Gashin yanyawa ba ya cika ya yi laushi sai a tsakiyar sanyi, biki kuma an sa shi kafin narkewar ƙanƙara, ga jima, ga ɗinki. Toktosun ya rasa barci. Wata safiya ya je wajen abokinsa Kalis, sa'ansa tun suna kiwon tumaki da gajeren wando, wanda gwiwoyi suka hana shi hawan dutse amma bakinsa bai gaji da komai ba.

"Tashi ka kai ni birnin Narin."

"Me za ka yo? Tabarau?"

"Tabaraun uban wa? Madubin bindiga zan duba. Yayi ake yi, kada a bar mutum a baya."

"Oho, yayi," in ji Kalis, yana neman makullin tsohuwar motarsa yana murmushi cikin gemu.

Mai shagon kayan farauta wani ƙato ne mai suna Mirlan, yana zaune kusa da murhu yana ɓare 'ya'yan furen rana da haƙori. Da ya ga farin gemu biyu sun shigo ya miƙe ya karɓi hannunsu da hannu biyu.

"Aksakal," in ji shi, wato dattijo, "me ake harbi?"

"Zomo da yanyawa."

"Da wace bindiga?"

"'Yar siririyar nan ta zamanin Sobiyet. Tun kafin a haife ka take cin nama."

Mirlan ya jera madubai uku a kan tebur. Na farko gajere ne, ba ado, yana jawo abu kusa sau huɗu kawai. Da Toktosun ya leƙa sai ya ga baƙaƙen sanduna uku masu kauri kamar an zana da gawayi, biyu daga gefe, ɗaya daga ƙasa mai tsini.

"Irin nawa ke nan," in ji Kalis. "Ɗauki shi mu tafi, a samu a ci abinci."

"Irin na makafi dai. Da wannan itacen girkin a ciki, ai sai ya rufe yanyawar da jelarta."

Na biyu gicciye ne, mai kauri a gefe, siriri a tsakiya. Toktosun ya ɗan juya shi ya ajiye, don tuni idonsa ya faɗa kan na uku. Wannan tsawonsa ya kai kamu guda, bakinsa kamar kofin shayi, ga kunnuwan murɗawa sama da gefe. A ciki zare biyu ne sirara kamar gashin jariri, an yayyafa musu ɗige-ɗige. Ya ɗauka ya fita bakin ƙofa, ya jingina gwiwar hannu a kan dakali, ya leƙa tsallaken titi.

"La ilaha illallahu!"

"Me ya faru?"

"Kalis! Zo ka ga! Waccan mai sayar da burodin, akwai tawadar Allah a haɓarta, kuma gashi ne a kai! Ga riɗin da ke kan burodin, ɗaya-ɗaya! Kai, ga wani can yana sakace, haƙorin zinariya gare shi!"

Sai dariya yake yi shi kaɗai kamar yaron da aka ɗora kan doki ran farko. Rabon da duniya ta fito masa tas haka har ya manta. Ya juya madubin kan dutse, ya ga kowace tsaga, ya ga wani hankaka yana gyara fiffike. Hawaye ya taru masa, ya ce sanyi ne.

"Aksakal," in ji Mirlan, "wannan na masu harbin akuyar dutse ne daga wannan tsauni zuwa wancan. Harsashin 'yar bindigarka ko rabin inda yake gani ba zai kai ba. Yanyawa kuma da asuba take fita, cikin duhu-duhu, wannan siririn zaren..."

"Ɗana, kai sayarwa kake yi ko wa'azi?"

"Sayarwa."

"To naɗe."

A hanya Kalis ya yi ta mita, shi kuwa Toktosun ya rungume kwalin a ƙirji kamar jika, kowane rami motar ta faɗa sai ya zagi Kalis da danginsa.

Washegari aka ɗaura madubi a bayan bindiga da 'yan notuna biyu da ake murɗewa da yatsa. Aka kafa murfin tsohuwar tukunya a bayan shingen tumaki, Toktosun ya kwanta ya ɗora bindiga kan sirdi, ya yi ta harbi yana murɗa kunnuwan, har harsasai suka koma shiga rami guda. Ya ɗauki murfin ya zagaya da shi gida-gida. Kafin azahar babu wanda bai san cewa yanyawar Sagimbek ta riga ta mutu ba, labari ne kawai bai kai mata ba.

To, murfin tukunya ba ya gudu.

Fitarsa ta farko, wani zomo ya tashi daga ƙaya a bakin kogi. Toktosun ya ɗaga bindiga ya leƙa, bai ga komai ba sai fari fat. Ya matsa hagu, fari. Ya matsa dama, sai ga reshe ɗaya ya cika masa ido kamar gungume. Kafin ya gane inda duniya ta dosa, zomo ya kai ƙauyen gaba. Fita ta biyu da asubahi ya hango wani abu ja-ja yana bin gindin kurmi, ya leƙa, ga kurmi baƙi ƙirin, zaren saiti kuwa ya ɓace a ciki kamar ba a taɓa zana shi ba. Ya ƙura ido, ya matso da fuska, numfashinsa ya hau gilashi ya daskare nan take. Ko da ya goge da hannun riga, abu ja ya tafi harkarsa. In kuma ba kwance yake ba, bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya sa dutse da bishiya su yi ta rawa a cikin madubin.

Duk wannan da sauƙi. Ranar da ta ƙona masa rai ita ce ranar da ya sami zomo zaune a fili, rana tsaka, yana wanke fuska. Toktosun ya kwanta a natse, ya ɗora gicciye a kan kunnensa, ya ja kunama. Ƙanƙara ta yi tsalle can gefe, kamu biyu daga zomon. Zomo ya dube shi, ya ƙarasa wanke fuskarsa, sannan ya tafi.

Ya koma bayan shinge ya sake gyara saiti, ya zauna daidai. Kwana biyu, harsashi ya bi ta sama. Ya sake gyarawa. Ya sake kaucewa.

"Tsohuwa, baki ne ya kama bindigar nan," ya ce wa Burul. "Yawon da na yi da murfin tukunya ne ya jawo."

"Ai na faɗa a raina," in ji ta. "Mutanen garin nan idonsu ba kyau."

Ta kunna busasshen ganyen arca, itacen tsaunin da muke turare da shi don korar baki, a faranti, ta zagaya bindigar da hayaƙi tana tofe-tofe, fuskarta kamar ta waliyyiya.

Abin da Toktosun bai lura da shi ba, don maza ba sa lura, shi ne a 'yan kwanakin nan matarsa ta zama gidan rediyo. Ita ta san wa ya sayi sabuwar darduma a tsallaken kogi, wace suruka ce ke barci har rana ta take, wa ya yanka tunkiya a ɓoye bai aika wa maƙwabta ba. Matar da ba ta taka ko'ina saboda ciwon ƙugu!

Wata hantsi ya kai dawakai shan ruwa, ya tarar an riga an fasa ƙanƙarar bakin kogi, don haka ya dawo da wuri. Yana tura ƙofa ya ji wani ɗan sauti, ƙirit, ƙirit, ƙirit. Ga bindigarsa a rataye tsirara. Ga Burul durƙushe kan tarin barguna a bakin taga, ido ɗaya a rufe, madubi a ɗaya, tana murɗa kunnen sama kamar mai neman tasha. Ga maƙwabciyarsu Sayra a bayanta tana cewa, "Ba ni mana, kin daɗe, ba ni in ga ko ta fito."

"Burul!"

Sayra ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta fice, ko takalmi ɗaya ba ta tsaya ɗauka ba.

"Me kike murɗawa?"

"Na gyaran gani ne, Baban Ayperi. In na murɗa sai in ga kamar ya fi fitowa."

"Na gyaran gani! Saitina kike murɗewa! Kullum! Ke ce bakin da ya kama bindigar! Har da turara mata hayaƙi, ko kunya!"

"To hayaƙin ya cuce ta ne? Kuma ai ina mayar maka da shi yadda na same shi, har goge shi nake yi."

Toktosun ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Saura 'yan makonni biki. Ya riga ya ga ɗakin cike da mutane, ya ga Sagimbek yana shafa kai yana tambayar jama'a wane suna ya dace.

Burul ta sauko daga kan barguna, ta zuba masa shayi, ta zauna kusa da shi.

"Na ji, na yi laifi. Amma tsakaninka da Allah, ranar da ka ga abu ja a kurmi, ni ce na ɓatar maka da zaren? Kai da bakinka kake sambatu cikin barci, ina zaren, ina zaren."

Ta tura masa kofin gabansa.

"Sha shayinka in ba ka labari. Kai kana can kana fasa ƙugu a kan duwatsu, ni kuwa kullum ina ganin yanyawarka."

Ya ɗago kai.

"Ka san gidan Jildiz, bazawarar tsallake? To akwai dokin da ke kwana a bayan tarin ciyawarta. Ni kuma na ce sai na ga mai shi, don haka da ka fita nake hawa taga..."

"Bar zancen doki! Yanyawar!"

"Ina zuwa mana. Gari na fara wayewa take gangarowa ta bakin rafi, ta zo gindin ciyawar tana kamun ɓeraye. Ja wur, tsoho, kamar garwashi. Jelarta kaɗai ta isa abin wuya. Ta yi tsalle ta nitsa kai cikin ƙanƙara, har dariya take ba ni."

Toktosun ya miƙe tsaye, shayi ya zube. Ya kama kan matarsa ya sumbaci ɗankwalin, ya zage ta, ya sake sumbata, ya fita da gudu ba hula.

Kalis yana zaune yana shafa wa gwiwarsa kitsen tunkiya lokacin da abokinsa ya faɗo ɗakin.

"Ara mini madubinka."

"Wanne? Na makafi?"

"Kalis, ba lokacin wasa ba ne."

"Ni kuwa lokacin wasana ke nan. Mai itacen girki a ciki? Wanda zai rufe yanyawa da jelarta? Me mai idon shaho zai yi da shi?"

"Me kake so?"

"Ka faɗa. Ba kowa a nan sai ni da kyanwa."

Toktosun ya dubi kyanwa, ya dubi rufin ɗaki. Ya daɗe yana murza gemu.

"Idona ya tafi," in ji shi a hankali. "Tun bara waccan. Tsinken bindiga ba na ganinsa. Zaren nan ma ba na gani sai rana ta fito."

Kalis bai yi dariya ba. Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya fito da gajeren madubi naɗe cikin tsohuwar safa.

"Nawa ya riga naka tafiya, wawa. Kana tsammani don ado na saye shi? Tashi mu je bayan shinge tun da sauran rana."

Wannan karon da aka gama saiti Toktosun ya ɗaure notunan tamau da filaya, ya kai bindigar rumbun sirdi inda sanyi yake, don kada ɗumin ɗaki ya sa gilashi gumi, ya datse da kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Babban madubin kuwa ya jefa wa Burul a cinya. "Ga shi nan, ki murɗa har ya tsinke."

Gari bai gama wayewa ba suka haye gada, shi da Kalis. Kalis ya tsaya da dawakai a bayan tudu, Toktosun ya rarrafa zuwa wani rusasshen bangon dutse da ke fuskantar tarin ciyawar Jildiz, iska na busowa daga can zuwa gare shi. Ya shimfiɗa buzu ya kwanta. Sanyi na cizon hanci, gemunsa ya yi ƙanƙara. Ya karkatar da baki gefe don kada numfashi ya hau gilashi, ya leƙa.

Ga tarin ciyawa gaba ɗayansa, ga shinge, ga bakin rafi, duk a ido ɗaya. A tsakiya kuma ga baƙin sandan nan mai tsini tsaye ƙyam, ko makaho ya gan shi. Zuciyarsa na dukan uku-uku amma hoton bai yi rawa ba.

Sai ga ta. Ta gangaro tana taka ƙanƙara kamar amarya, jela na jan ƙasa, wuyanta fari, bayanta ja har wani baƙi-baƙi yake yi. Burul ba ta yi ƙari ba, karo na farko a rayuwarta. Toktosun ya bi ta da tsinin sandan, ba ta fita daga madubin ba ko sau ɗaya. Ta tsaya, ta karkata kai tana sauraron ƙasa, ta daka tsalle ta nitsa, ta fito da hanci fari ba ɓera. Ta ci gaba. Jiki ba wurin harbi ba ne, ya yi alkawari. Ya kai bayan hannunsa baki, ya tsotsa, ya fitar da ɗan kukan ɓera siriri.

Ta tsaya cak. Ta juyo da fuska sosai, kunnuwa a miƙe.

Ya ɗora tsinin a kan idonta, ya ce bismillahi a zuci, ya matsa kunama a hankali.

Tas!

Yanyawa ta zauna, ta kwanta, ko shurawa ba ta yi ba.

Abin da ya biyo baya, mutanen tsallake har yau suna ba da labarinsa. Dattijo mai jikoki ya tsallake bango, yana gudu cikin ƙanƙara har gwiwa, yana faɗuwa yana tashi, yana ihu, "Kalis! Kalis! Ta ido! Zo ka gani, ɗan banza, ta ido!" Karnuka suka ɗauka, Jildiz ta leƙo da bargo a ka. Kalis ya iso da dawakai yana ihu shi ma, suka rungume juna suka faɗi tare. Suka juya ta gaba da baya, suka busa gashin, babu ko ƙwarzane. Toktosun ya ɗaure ta a bayan sirdi yadda jelar za ta yi lilo kowa ya gani, suka kamo hanyar gida yana waƙa da muryarsa mai kama da ta tsohon rago.

Sun kusa gada sai ga mahayi ya ɓullo daga hanyar sama, cikin babbar riga, ya naɗe kai da mayafin ulu. Sagimbek ne, ya yi sammako zai zo a tsayar da maganar dabbobin da za a yanka ran biki. Ya ja linzami, ya dubi jelar da ke lilo, idonsa ya yi wani ƙyalli.

"Shiralga, kuda!"

Toktosun ya katse waƙarsa. Tun kakannin kakanni, maharbin da aka tare a hanya yana dawowa aka ce masa shiralga, ba ya hanawa. Ko abu ɗaya tak ya samo, na mai roƙo ne, in ba haka ba ya zubar da sunansa, kuma an ce dawa ba ta ƙara ba shi.

"Kuda," in ji Toktosun, "ai taka ce. Hularka ce wannan. Ka bari a jeme a ɗinka."

"Na san tawa ce, shi ya sa na roƙa. Hula kuma ai alkawari ne daban, ran biki ka ce. Wannan ta hanya ce. Mai ido irin naka, wata yanyawar wuya za ta yi masa?"

"Kalis, ka yi magana mana!"

"Me zan ce? Ya faɗa, na ji, doki ma ya ji."

Toktosun ya sauka. Yatsunsa sun ƙi kwance igiyar, sai da ya sa haƙori. Ya ɗauki yanyawar kamar mai ɗaukar gawar ɗan'uwa, ya ɗaura ta da hannunsa a sirdin Sagimbek, ya ce, "Allah ya amfana," kamar ana zare masa haƙori. Sagimbek ya shafa gashin, ya nemi huda bai samu ba, ya dubi idon, ya girgiza kai.

"Kai, kuda! Ashe ƙarya ake yi maka. Cewa aka yi turke kake yi wa sallama."

Suka nufi gada su uku, biyu na dariya, ɗaya kamar an yi masa mutuwa. Ina zai sake samun irin wannan kafin ƙanƙara ta narke?

A tsakiyar gada wata halitta ta tare hanya. Ta zura ƙafa cikin manyan takalman mijinta, ɗankwali ya zame gefe, tana haki kamar ta yi tsere da doki, ga dogon madubi ya leƙo daga aljihun rigarta. Matar da ke da ciwon ƙugu! Ta ware hannu biyu ta kama linzamin Sagimbek.

"Shiralga, kuda!"

Sagimbek ya buɗe baki. "Kudagi, uwar amarya, lafiya? Ni ai ba maharbi ba ne."

"Daga ina ka fito da yanyawa a sirdi da sassafe? Daga masallaci?"

"Ba ni aka yi!"

"To ni ma a ba ni. Na tare ka a hanya ko ban tare ka ba? Jininta ya bushe ko bai bushe ba?"

"Mace ba ta cewa shiralga!"

"Wa ya faɗa? Kawo shi nan in gan shi. Kalis, kai ne babba a nan, ka taɓa jin an hana?"

Kalis ya kwanta a wuyan dokinsa, dariya ta hana shi numfashi, hawaye na daskarewa a kumatunsa. Da ƙyar ya ɗaga hannu. "Ta faɗa... na ji... doki ma ya ji."

Sagimbek ya dubi gaba, ya dubi baya. Mutane sun fara fitowa bakin kogi da bokitai, kowa ya tsaya kallo. Ya fashe da dariya har mayafin ya zame, ya sauka ya kwance yanyawar, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Allah ya amfana, kudagi. Wayyo ɗana! In 'yar ta gado ki, ya shiga uku."

"Ta fi ni," in ji Burul. Ta saɓa yanyawa a kafaɗa, ta juya tana jan takalma. "Ku taho ku sha shayi. Kai kuma tsoho rufe bakinka, sanyi zai shiga."

A ranar Toktosun ya feɗe ta da kansa, a hankali kamar mai cire wa jariri riga. Burul ta jeme fatar da tsamin nono da gari da gishiri, ta yi ta murza ta har ta yi laushi kamar ƙyalle, ta ɗinka ta a gefen baƙin karan-miski, ba ta bar kowa ya taɓa ba, har Sayra.

Ran biki, bayan an kawo kan rago, Toktosun ya miƙe ya warware ƙunshi. Kafin hular ta kai inda za ta sai da ta zaga ɗakin hannu-hannu, tsofaffi na tura yatsa cikin gashin, suna busawa, suna ɗaga ta saitin fitila. Wani har da sa tabarau. Da ta dawo, Toktosun ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗora wa Sagimbek, ya danna har kunne.

"To, kuda, wane suna ka zaɓa mini?"

"Maharbi," in ji Sagimbek. "Zauna haka nan, kada ka sake yin wani alkawarin."

Ɗakin ya yi zafi kamar tanda, ga murhu ga jama'a ga tururin nama, amma Sagimbek ya ƙi cire hular har aka watse. Gumi na bin hancinsa yana ɗiga cikin romo, yana sha abinsa.